Kaya Nauyi Ne: Darasin Wadar Zuci Daga Batsari da Safana

GABATARWA

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata 'yar muhawara ce da ta haɗa ni da kawuna a hutun da ya wuce, wadda har yau ba ta bar zuciyata ba. Kawun nan nawa mutumin wani ƙauye ne da ke yamma da Batsari. Tun shekarar 2020 ya baro gida da iyalinsa saboda ɓarnar 'yan bindiga, ya zo ya raɓe a birnin Katsina cikin ɗaki biyu na haya. Abin da ya rage masa a duniya gona ɗaya ce ta kusa da bakin titi, wadda wani ɗan'uwa ke nomawa ana raba amfani. Da aka sa ranar auren 'yarsa, sai na tarar ya sa gonar nan a kasuwa, wai zai sayi gado da kujeru da kabad ɗin jere da sauran kayan ɗaki.

Na ce masa, "Kawu, yanzu a sayar da abin da ake ci domin a sayi abin kallo?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai karatu kake yi. Ni in na kai yarinyar nan ɗaki da tabarma da tukunya, da wane ido zan dubi dangin mijinta?"

Ban sami amsar da zan ba shi a ranar ba, domin kuwa kunya ta hana ni jayayya da babba, kuma na san maganarsa ba ta banza ba ce. Manufar wannan rubutu ita ce in ba da amsar da na kasa bayarwa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, tara kayan da ba a bukata ya zame wa Bahaushen yau wani bashi da al'ada ta ɗora masa, kuma abin da ya sami mutanen Batsari da Safana ya isa ya sa mu sake auna mene ne dukiya, mene ne kuma tarkace.

KALMAR "KAYA" A BAKIN BAHAUSHE

Tun da mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu fara daga harshen. Bahaushe yana da kalma ɗaya da yake kiran abin da mutum ya mallaka da ita, watau kaya. Da wannan kalma kuma yake kiran abin da ake naɗa gammo a ɗora a ka, ko a labta wa jaki. In mutum ya jawo wa kansa wata ɗawainiya, sai a ce ya ɗauko wa kansa kaya. In ya rabu da ita, a ce ya sauke. Ashe ke nan tun asali magabatanmu sun lura cewa duk abin da ka mallaka akwai nauyinsa a wuyanka: sai ka tsare shi daga ɓarawo da gara da ruwan sama, sai ka gyara shi in ya lalace, kuma sai ka kwana da tunaninsa. Haka nan harshen bai bar abin da ya wuce bukata babu sunan raini ba. Muna da tarkace da komatsai da shirgi da karikitai, kuma babu ɗaya daga cikinsu da mutum zai so a kira kayan ɗakinsa da shi.

A ɗaya gefen kuma akwai rufin asiri. In ka tambayi dattijon kirki halin da yake ciki, ko da kuwa rumbunansa cike suke, abin da zai ce maka shi ne akwai rufin asiri. Ma'anarsa sananniya ce: hatsin da zai kai iyali kaka, suturar da za a shiga mutane da ita, wurin kwana, da kuɓuta daga roƙo da bashi. Wannan shi ne mudun da Bahaushe ke auna wadata da shi. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na mutumin kirki da aka buga a 1974, ya jera halaye 10 da Hausawa ke auna mutum da su, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Mai karatu zai lura babu yawan kaya a cikinsu. Karamci ma da ya shafi dukiya, fitar da ita yake nufi.

Rayuwar da ta haifi waɗannan kalmomi ita ma haka take. Falken da ke zuwa Gwanja saro goro ya san duk abin da ya ƙara a kan jaki bayan larura, ko dai jakin ya kwanta ko ayari ya bar shi a baya. Bafulatanar da ke yawon kiwo a dajin Rugu takan haɗa gidanta duka a bayan takarkari ɗaya, ƙorenta da tabarminta da tukwanenta, kuma babu wanda ya taɓa kiranta matalauciya saboda haka.

YADDA MUKA FARA TARA TARKACE

Jere tsohuwar al'ada ce, kuma ban ce a da ba a ƙawa ba. Kakanninmu mata sun yi jeren ƙore da faya-fayi da tasoshi, sai dai yawancin abin da aka jera daga gona da hannun masu sana'ar gari ya fito, kuma ana amfani da shi. Canji ya fara ne da zuwan kuɗin gyaɗa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kantunan Turawa suka kawo kwanonin sha da langa da kwalla da samira, mata suka shiga jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, alhali kuwa ba a cin tuwo a kashi ɗaya cikin goma na abin da aka jera.

Daga nan sai kuɗin man fetur. Rahoton Udoji na 1974 ya jawo ƙarin albashi mai yawa, aka kuma biya ma'aikata ariyas a dunƙule a farkon 1975. Kasuwanni suka cika da rediyo da babura da gadajen ƙarfe da turamen atamfa, lefe ya tashi daga kwalla ɗaya ya koma jerin akwatuna. Daɗin bai daɗe ba. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu, a 1986 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira. Abin lura a nan shi ne, samu ya sauka amma al'adar ba ta sauka ba. Mudun da aka yanka a zamanin yalwa da shi aka ci gaba da auna talaka a zamanin tsanani. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin komai ya yi tashin gwauron zabo, duk da haka hotunan lefe da na ɗakunan amare suka ci gaba da yawo a Facebook da WhatsApp, yarinyar ƙauye tana gani a wayar yayanta tana auna kanta da 'yar attajirin birni.

Shaida a kan nauyin wannan kaya ba ta da wuyar samu. Lokacin da gwamnatin Jihar Kano ta fara shirin auren zawarawa a 2012, babban abin da ta ɗauke wa iyaye shi ne sadaki da gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Wannan ya nuna cewa maza da matan da ke son juna suna nan, kaya ne suka tsaya a tsakaninsu. Tun kafin haka, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina aka buga littafinta a 1972, ta nuna yadda manomi matalauci kan sayar da hatsinsa da kaka da araha ya sake saye da tsada, da yadda matsi kan kai shi ga rabuwa da gonarsa. Kawuna bai karanta wannan littafi ba, amma hanyar da aka bayyana a cikinsa ita yake shirin bi.

ABIN DA YA SAMI BATSARI DA SAFANA

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka a yammacin Jihar Katsina, a gefen dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da rogo, ƙasa ce kuma ta kiwo. Wanda ya san Ruma da Wagini da Runka da Zakka a lokacin zaman lafiya ya san manomi da makiyayi kasuwa ɗaya suke ci, kuma arzikin magidanci a can a fili yake: shanun huɗa biyu, da amalanke, da rumbu, da 'yan tumaki, in Allah ya buɗa a ƙara da babur da rufin kwano.

Satar shanu ta fara tsananta, daga baya ta rikiɗe ta koma kisa da satar mutane domin kuɗin fansa. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, har jama'a suka ɗauko gawawwakin zuwa birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A watan Afrilu na wannan shekara kuma aka kashe mutum 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. A 2023 gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana da Jibiya da wasu wurare. Cikin waɗannan shekaru dubban mutane sun bar ƙauyukansu, wasu zuwa cikin Batsari da Dutsinma da Katsina, wasu har ƙasar Maraɗi.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne yadda wannan bala'i ya juya matsayin kaya. Abin da a da yake alamar rufin asiri sai ya koma alamar da ake nuna gida da ita. Mai shanun huɗa ya sayar da su da araha ya koma noma da hauya, domin kwana da su a gida kamar kwana da wuta ne a jinka. Mai sabon babur ya ɓoye shi. Wanda ya sayar da amfanin gona ya yi shiru da bakinsa, don tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto, waɗanda sau da yawa a cikin gari suke. In an sace mutum ɗaya, sai dangi su tattara abin da suka tara a shekara ashirin, gona da dabba da kayan ɗakin mata, su mayar kuɗi su kai daji.

Matar kawuna ta yi shekara kusan 30 tana jere. A daren da suka gudu, abin da ta fito da shi goyonta ne, da zane biyu, da tukunya ɗaya, da ɗan ƙullin gero. Na taɓa tambayarta abin da ta fi kewa cikin abin da ta baro. Ta ambaci turminta da randarta da akuyarta mai ciki, sannan ta daɗe tana lissafa maƙwabtanta da inda kowa ya watse. Kwalla da samiran da suka cika bango ba su zo bakinta ba sai da na tuna mata, ta yi murmushi ta ce, "Ai waɗannan na mutane ne, don su gani aka yi su." Wannan ita ce matar da yanzu ta fi kowa nacewa a kan sai an yi wa 'yarta kabad ɗin jere. Ban ga laifinta ba. Ƙarfin al'ada ke nan: mutum ya gane abu da kansa, amma idon jama'a ya hana shi aiki da abin da ya gane.

Dalilan fitinar dajin Rugu suna da yawa, kuma masana sun yi bayaninsu: cinye burtali da makiyaya, da zaluncin da aka daɗe ana yi wajen shari'a tsakanin manomi da makiyayi, da rashin makarantu, da kwararowar makamai. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ina ganin abin da ya riƙe wutar tana ci shi ne kwaɗayi. Ɓarawon daji kan nemi sabon babur da waya a kan kuɗin fansa. Mai kai rahoto kan sayar da maƙwabcinsa na shekara da shekaru a kan 'yan kuɗin da ba su kai farashin ɗan akuya ba. Mai sayen shanun sata da mai kai fetur daji riba suke hange. Wanda kuma aka damƙa wa dukiyar jama'a ya karkatar da ita ya gina gidan da ba zai iya kwana a dukan ɗakunansa ba, shi ma ciwonsu ɗaya. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, to a nan wahalar ba ta tsaya a kan mai kwaɗayin ba.

TALAUCI DABAN, WADAR ZUCI DABAN

A nan dole in yi hattara, kada mai karatu ya ɗauka ina yabon halin da 'yan gudun hijira ke ciki. Wanda aka ƙona wa rumbu ba sauƙin rayuwa ya zaɓa ba, zalunci aka yi masa, kuma haƙƙinsa ne hukuma ta tsare ransa da dukiyarsa ta mayar da shi gonarsa. Rashin kaya kuma bai taɓa zama garkuwa ba, domin manoman 'Yargamji ba attajirai ba ne. Duk wanda ya ƙoshi ya tsaya yana yi wa mai jin yunwa wa'azin wadar zuci, ya ci mutuncinsa. Wa'azin nan namu ne mu da muke da zaɓi.

Alamar wadar zuci ita ce mutum yana da ikon tarawa ya ƙi, kuma abin da ya rage ya amfani wani. Tarihinmu cike yake da misalai. An san Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙarancin sutura da cin abinci daga abin da ya samu na tufkar igiya, alhali yana jagoran jama'a mai yawa. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya ga wasu mayaƙa sun karkata ga neman dawaki da tufafi da manyan gidaje, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. A zamaninmu kuma akwai Malam Aminu Kano, wanda ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya, amma da ya rasu a 1983 abin da ya bari gidansa ne na Gwammaja, wanda daga baya aka mayar cibiyar Mambayya ta Jami'ar Bayero. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya sayar da manyan motocin gwamnati ya sa ministoci shiga ƙaramar Renault 5, ya kuma ƙarfafa sa tufafin saƙar gida. Dukan waɗannan da sun so tarawa da sun tara. Sauƙin kayansu shi ya ba su bakin faɗa wa mai ƙarfi gaskiya, domin wanda ba ya tsoron a ƙwace masa komai da wuya a saye shi.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan ma an yi yayin rage kaya a 'yan shekarun nan, har ana rubuta littattafai a kan yadda mutum zai kwashe abin da ya cushe masa gida. Sai dai nasu ciwon na wanda ya riga ya cika ciki ne, kuma wani kaso na tufafin da suke fitarwa shi ne gwanjon da muke saye a kasuwanninmu. Mu abin da ke gabanmu shi ne mu daina cin bashi da sayar da gona domin sayen abin da su suke neman hanyar rabuwa da shi.

HUJJOJIN MASU SUKA

Na tattauna wannan magana da abokan karatu, musamman 'yan'uwanmu mata, kuma sun kawo hujjoji uku da suka cancanci amsa.

Ta farko ita ce, kayan ɗaki dukiyar mace ce. Su ne asusunta in rana ta ɓaci, su ne kuma abin da take fita da shi in aure ya mutu, saboda haka mai cewa a rage su yana neman a kai mace gidan miji hannu rabbana. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da tushenta. Lalle ne a kai 'ya mace ɗakinta da abin hannunta. Tambayar ita ce wane irin abu. Kujerun da aka saya yau, in aka kai su kasuwa bayan shekara biyu ba za su yi rabin kuɗinsu ba, kabad ɗin garin katako kuwa damina ɗaya ta ishe shi in ɗaki na yoyo. Keken ɗinki ko injin markaɗe ko ɗan fili ko 'yan kunnen zinariya sun fi riƙe daraja, wasunsu ma suna haihuwa. Sana'a da karatu kuma sun fi duka, domin matan da suka gudo daga ƙauyukan Batsari, wadda ta iya ƙuli-ƙuli ko saƙa ko kitso ta fara samun na cefane tun makon farko, ita kuwa mai jere ta bar jerenta a bango.

Ta biyu ita ce, in kowa ya rage saye, kafinta da ɗan kasuwa da tela za su rasa abinci. Amsa ita ce kuɗin da ba a kashe a kan akwati na goma ba, ba a rami za a binne shi ba. Zai tafi wajen taki da iri da kuɗin makaranta da magani da gyaran ɗaki, waɗannan kuwa duk kasuwa ce. Gonar da aka bari a hannun mai ita tana ciyar da kasuwa kowace kaka, wadda aka sayar domin biki kuwa sau ɗaya za ta yi.

Ta uku ita ce, mai hali yana da ikon ya yi wa 'yarsa abin da ya ga dama da halalinsa. Haka ne, kuma ban nemi a kafa masa doka ba. Amma ya sani shi ne ke yanka mudun da za a auna maƙwabcinsa da shi. An ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, to amma mai kiɗan ma yana da nasa alhakin, in ya san a unguwar akwai wanda zai karye garin bin rawar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Gyaran al'ada ba ya farawa daga wanda ya fi kowa rauni. Kawuna ba zai iya zama na farko ba, domin in ya rage za a ce talauci ne ya sa shi. Wanda zai iya farawa shi ne wanda kowa ya san yana da hali, ko yana da ilmin da ake ganin girmansa. Mu ɗaliban jami'a muna cikin wannan sahu ko mun so ko mun ƙi, tun da a ƙauyukanmu abin da ɗan boko ya yi a bikinsa shi ne ƙannensa za su kwaikwaya.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana maza shawara, in lokacin aurenku ya zo, ku tura waliyyanku su faɗa wa iyayen yarinya a fili, gaban shaidu, cewa gado da katifa da kayan girki sun wadatar, kuma ku tsare matanku daga gorin danginku bayan biki, domin gorin nan shi ne ainihin abin da iyaye ke tsoro. 'Yan'uwana mata kuma, ku ne za ku iya cewa a rage akwatunan lefe a mayar da kuɗin jari ko kuɗin karatu, kuma in mai digiri ta faɗi haka babu mai cewa rashin gata ne. Hakimai da dagatai da limamai suna da ikon tara jama'a a yi yarjejeniya a kan iyakar lefe da gara, yadda talaka zai sami abin fakewa ya ce dokar gari ce ta hana shi.

Akwai kuma abin da ba sai an jira aure ba. Kowannenmu ya buɗe akwatinsa a ɗakin kwana ya ƙirga tufafin da bai sa ba tun farkon zango. A cikin garin Katsina da Batsari da Dutsinma akwai waɗanda suka fito daga gidajensu da rigar da ke wuyansu kaɗai. Daga ƙarshe, ga aiki ga wannan sashe namu: dattawan da suka baro ƙauyukan gefen Rugu suna ɗauke da karin magana da labarai da sunayen kayan noma da na kiwo waɗanda jikokinsu da ke tasowa a birni ba za su sani ba. Ya kamata masu neman batun kundin digiri su je su zauna da su tun suna raye.

KAMMALAWA

Na yi ƙoƙarin nuna cewa harshenmu da tarihinmu sun riga sun ba mu ma'aunin wadata, watau rufin asiri, kuma yalwar gyaɗa da ta fetur ce ta sauya mana shi da wani mudu wanda yawancinmu ba za mu iya cikawa ba sai da bashi. Na kuma nuna cewa abin da ya sami Batsari da Safana zalunci ne da ya wajaba a kawar, amma ya bayyana mana abin da ke tsayawa da mutum in rana ta ɓaci.

Game da kawuna kuwa, kafin in dawo makaranta na roƙi mahaifina ya je ya sami baffan angon. Dattijon ya saurare shi, ya ce su yarinya suke so, kuma shi da bakinsa zai faɗa wa matan gidansa kada wadda ta buɗe baki a kan kujera ko kabad. Kawu ya ji daɗin saƙon, amma matarsa ta ce maganar maza daban, abin da za a faɗa a tsakar gida ranar kai amarya daban. Har ranar da na hau mota ba a sayar da gonar ba, sai dai dillali bai daina zarya ba, kuma biki saura wata biyu.

Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana su gyara mini inda na yi kuskure, wanda kuma yake da wani ra'ayi dabam ya kawo shi a fitowa ta gaba domin mu ƙaru. Allah ya mayar da mutanen Batsari da Safana gidajensu lafiya, ya ba mu wadar zuci da rufin asiri, amin.